Igiyar da ta kai ni talabijin ɗin Denmark

Na yi wauta iri-iri a rayuwata, wasu ma mai ɗakina ce kaɗai ta san su, kuma ta yi mini alkawarin ba za ta tona ba sai ranar da na ɓata mata rai. Amma akwai guda ɗaya da ko an biya ni ba zan iya mantawa ba, domin ita ce wautar da ta tsallake teku ta shiga bakin 'yan majalisar wata ƙasa, alhali ni mai ita ko Legas ban taɓa takawa ba. Ni da karatun bokona bai wuce 'yan azuzuwan farko ba, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaron bayan makaranta na yi shi, sai ga shi wai Turawa na ta da jijiyar wuya a kan fuskata.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Da shekaru suka fara ja, aka ɗauke ni daga wurin jiƙa fata aka mayar da ni teburin zaɓe. Aikina in ɗaga fatar akuya ko ta tunkiya da aka gama gyarawa, in duba ta a haske, in shafa ta, in ce wannan ta fita waje, wannan ta tsaya gida. Masu kyan ana ɗaure su a tura wa wani kamfani a Denmark, can ake takalma da jakunkuna da su. Gaskiya a da ni na ɗauka Denmark sunan madarar gari ne. Sai shekarar da aka yi fushi da su a garin nan, aka ce kowa ya daina sayen kayansu, sannan na san ashe ƙasa ce guda da mutane a ciki.

Ina da aboki a wurin, mutumin Damagaram. Ci-rani ya kawo shi tun gemunsa na baƙi, ya ga wuri ya zauna, ya ɗauko iyali ya ajiye a gidan haya a Panshekara. Shi a ganguna yake aiki, manyan gangunan nan masu juyawa da ake zuba fata da ruwan kemikal a ciki. In ganga ta tsaya, shi ke zura hannu yana zaro fatun. To, duk wanda ya san Bakano da Badamagare ya san abin da ke tsakaninmu. Wasa ne muka gada tun daga yaƙin kakanni. Ni in ce shi bawana ne, shi ya ce ni ne nasa. Ni in ce kakanninsa sun zo har bakin ganuwa sun koma ko takalmi babu, shi ya ce kakannina ne suka ɓuya cikin rijiyar marina, shi ya sa har yau muke son shuɗin kaya. Ba ma gaisawa da safe. Gaisuwarmu ita ce, “Kai bawa, ka share mini wurin zama?” Ka'idar wasan guda ce: wanda ya yi fushi, ko ya ce a bari, shi aka ci.

Wata rana manajanmu ya tara mu ya ce gobe akwai baƙi, 'yan talabijin daga Denmark, suna son su nuna wa mutanensu inda fatar takalmansu ke fitowa. Nan da nan aka wanke magudanar ruwa, aka shafa wa bakin ƙofa farin fenti. Da safe kuma aka buɗe sito aka raba wa 'yan ganguna safar hannu ta roba sabuwa ful, tare da gargaɗin cewa da yamma kowa ya mayar. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Safar nan ta san baƙi fiye da yadda ta san fata.

Baƙin su ne wata doguwar Baturiya, wadda zafin Kano ya mayar da fuskarta kamar tumatir, da mai riƙe mata kyamara, da tafintansu, wani magidanci ɗan cikin gari mai koyarwa a wata kwaleji. Aka zaga da su ko'ina. Da aka tashi hutun rana, maimakon su bi manaja ofis su sha sanyi, sai Baturiyar ta biyo mu gindin darbejiyar bakin gate inda muke cin ƙosai da awara. Abokina ya cire safar don ya ci abinci. Nan idonta ya sauka a hannunsa.

Ni na saba ganin hannun nan har na daina ganinsa. Fatar ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, faratan sun cinye, tsakanin yatsun ya yi jajur. Ta tambaya ta bakin tafinta ko yana masa ciwo. Ya ce, “Da yana yi. Yanzu ko tuwo mai zafi na tsoma shi ba ya gaya mini.” Mai kyamara ya matso, ya daɗe a kan hannun, ya juya ta nan, ya juya ta can.

Ni kuwa ina gefe da sabuwar hulata da na ɗauko daga ƙasan akwati saboda ranar, ba wanda ya ko kalle ni. A ce duk surutuna, Badamagare ne zai shiga talabijin ɗin Turawa ya bar ni? Sai na hango wani dogon yankin fata da aka yar, na ɗauko, na zagaya bayansa, na ɗaura masa a kugu, na riƙe bakin kamar mai jan akuya kasuwa.

Na ce da tafinta, “Malam, gaya mata kada ta ɓata fim ɗinta a kan wannan. Bawana ne. Kakana ya kamo kakansa, ubana ya gaji ubansa, ni na gaje shi. Ni ke kawo shi aiki da safe in mayar da shi da yamma.”

Shi kuma ja'irin, tunda ya san in ya musa an ci shi, sai ya zube ƙasa ya tsuguna, ya cire mini takalma ya ɗora a kansa, ya marairaice fuska yana cewa, “Madam, ki cece ni! Bakano ne, ko fura ba ya ba ni sai ya sirka da ruwa!”

Wurin ya kaure da dariya. Mai ƙosai har da riƙe ciki. Tafinta ma sai da ya zauna a benci yana share hawaye kafin ya iya juya mata maganar. Na ga ya daɗe yana mata bayani yana nuna mu, ita kuma tana gyaɗa kai. Can abokina ya miƙe ya fizge igiyar ya bi ni da gudu yana cewa yanzu za a ga bawan gaskiya, ya kama ni a jikin shingen waya ya ɗaure mini hannu. Amma a lokacin mai kyamara ya riga ya sauke ta yana shan ruwa. Da yamma aka mayar da safar hannu sito, kowa ya kama gabansa, na kwanta ina jin daɗin cewa na ƙwace fim.

Aka kwana biyu, har na manta. Sai wata safiya aka ce manaja na kirana. Na tarar da shi gaban kwamfuta ya haɗa rai. Bai ce in zauna ba, ya juyo ta ya danna. Sai ga wani kiɗa mai sanyi irin na ta'aziyya. Ga hannun abokina ya cika allon. Daga nan sai ga ni, riƙe da igiya, ga shi a tsugune da takalmana a ka. Ba dariyar kowa, ba mai ƙosai, ba gudun da ya bi ni. Sai muryar wani mutum a hankali cikin yarensu, da rubutu yana wucewa a ƙasa.

Allah ya gani, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne hular ta zauna daidai.

Manaja ya ce, “Baba, kun san abin da kuka jawo mana? Can ana cewa da bayi muke aiki. 'Yan majalisarsu sun tashi suna cewa a hana shigar da fatarmu. Masu sayen sun dakatar da oda.”

Na ce, “Yallaɓai, ai wasa ne. Kai ma ka sani, matarka Bazazzagiya ce, ina jin abin da kake ce wa ƙannenta.”

Ya ce, “Na sani, kun sani. Sai ku je ku gaya wa Denmark.”

Hukuncin da masu kamfani suka yanke shi ne wanda ya kashe mini jiki. Wai tunda masu sayen sun ce za su turo masu bincike, gara su zo kada su tarar da ɗan Nijar ko guda. Aka dakatar da su duka, abokina a kan gaba. Mutumin da gonarsa ta can tuni 'yan'uwa suka raba, 'ya'yansa duk a nan aka haife su, makarantarsu nan. Ya ce mini in damina ta wuce ba a kira shi ba, zai ɗora su a mota su tafi, ko da bai san gidan wa zai sauke su ba.

Kuma ba wannan maganar ce ta fi ƙona ni ba. Ranar da na je gidansa, ya fito ya ba ni hannu ya ce, “Ina kwana, Malam? Ya iyali?” Tunda muke bai taɓa gaishe ni ba. Da ya zage ni tas da ya fi mini sauƙi. Na dawo gida ko tuwo ban iya ci ba, har mai ɗakina ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Ana cikin haka sai ga tafinta ya zo nemana, shi ma duk ya rame. Muka zauna a teburin mai shayi. Ya rantse mini ya yi wa Baturiyar bayani filla-filla, kuma ta ce ta gane. Ko ita ce ta yanke dariyar daga fim ɗin, ko wasu ne can a ofis da ba su taɓa jin warin majema ba, shi ma bai sani ba, ni ma har yau ban sani ba. Ya ce ya yi ta aika wa gidan talabijin ɗin ƙorafi, amsar dai ita ce suna dubawa.

Ya ce, “Amma Baba, na samo wani mutum. Tsohon malamin makaranta ne a can, ya yi ritaya. Ba shi da aiki sai sharhi a kan siyasar ƙasarsu a shafinsa, kuma mutane da yawa na karantawa. Ɗan ra'ayin riƙau ne. Kullum da yamma sai ya zauna gaban wannan tashar da biro a hannu, yana jiran su yi kuskure.”

Na ce, “Tashar da ba ya so? Kullum?”

“Ba ya fashi.”

Na ce, “Malam, wannan ai so ne, bai dai gane ba.”

Nan fa son jin ƙwaƙwaf ɗina ya motsa, har na ɗan manta da baƙin cikina. Na sa aka ƙara masa shayi na ce ya buɗe mini ƙasar nan in gani. Ya ce mutanenta duka ba su kai na jihar Kano ba. Suna da gidan sarauta, amma sarautar ba ta taɓa mulki. Jam'iyyu kuwa barkatai, sai dai an kasa su gida biyu, ja da shuɗi. Jajaye na cewa gwamnati ta karɓi haraji mai nauyi ta kula da kowa, daga asibiti har makaranta. Shuɗaye na cewa a sassauta haraji, a riƙe al'adun kakanni, a daina bari kowa na shigowa, ko da yake a maganar baƙi yanzu bakinsu ya kusa zama ɗaya. Shi wannan tsohon, shuɗi ne har ƙashi. Babban haushinsa shi ne da harajinsa ake ciyar da 'yan jaridar da a ganinsa duk jajaye ne, suna tashi su je ƙasashen mutane da labarinsu a aljihu, hoto kawai suke nema.

Na ce, “To ai ni ma ina jin shuɗi ne. Ba na son haraji, ina son al'ada.”

Ya ce, “Asibiti kyauta fa?”

Na ce, “Nan kuma ja ne ni.”

Ya yi dariya ya ce da ina can da na kafa tawa jam'iyyar, ba mai hana ni. Sannan ya gyara zama ya ce, “Amma ku sani, Baba, ba don yana ƙaunarmu zai saurare mu ba. Yana cikin masu cewa irinmu su zauna a ƙasashensu. Sanda yake nema ya doki tashar nan, mu ne sandar.”

Sai na gane. Na ce, “Ashe su ma suna da sojojin baka!” Ni da ba na kwana ban saurari masu yi wa juna tatas a rediyon garin nan ba, na ɗauka mu muka ƙirƙiro abin. Na ce in dai sandar za ta mayar da Badamagare ganga, a ɗauke ni a doki duk wanda za a doka.

Da ƙyar na shawo kan abokina ya zo. Muka shiga motar tafinta da rana tsaka, aka rufe gilashi saboda ƙarar injuna da tireloli, aka kira tsohon ta waya mai hoto. Sai ga shi, farin gashi, tabarau a karan hanci, littattafai a bayansa har rufi. Ta tagarsa sama ta yi toka-toka kamar za a yi ruwa, tafinta ya ce haka take wuni. Na ce shi ya sa suke da lokacin rubutu.

Na zaci zan ga mutum mai zafi yana buga tebur. Sai na tarar da mai tambaya kamar alƙali. Tun yaushe kuke wasan? Mata ma suna yi? Akwai ranar da shi yake ɗaure ka? In wani ya mutu a gidan ɗaya, ɗayan yana zuwa? Abokina ya ce masa, “Ranar da uwar wannan bawan ta rasu, ni na shiga kabarin na karɓe ta.” Tsohon ya cire tabarau ya goge. Can kuma ya tuntsire da dariya, ya ce su ma suna da wasu maƙwabta, mutanen Sweden, da suka sha gwabza yaƙi a zamanin da, yanzu ba abin da ya rage sai zolaya. Na ce to ashe kun san abin, me ya sa kuka yi kamar ba ku sani ba? Ya ce wannan tambayar ita zai yi wa tashar.

Ni ma ban bar shi haka ba. Na tambaye shi da gaske ne ministocinsu na hawa keke? Ya ce wasu, musamman in akwai mai ɗaukar hoto a kusa. Na ce wannan mun san shi. Na tambaye shi me ya sa bai kashe talabijin ɗin ya huta ba? Ya ce in ya kashe, wa zai gaya musu sun yi ƙarya? Daga nan na jefa masa wadda ta fi damuna. Na ce, “In kamfani bai mayar da abokina ba, za ka yarda ya zo ƙasarku ya yi aiki? Ƙarfi gare shi, ba ya sata.”

Ko jinkiri bai yi ba ya ce a'a. Ya ce kowace al'umma gidanta ne ke riƙe da al'adarta. Wasanmu yana da kyau a Kano domin kowa ya san ma'anarsa, in aka kai shi can ga abin da ya zama. Su ma nasu haka yake. A ganinsa in aka cakuɗa mutane da yawa da sauri, kowa sai ya rasa nasa. Tafinta ya juya mini maganar yana sunkuyar da kai, ni kuwa mamaki ne ya kama ni, ba fushi ba. Da ɗan siyasar unguwarmu ne da cewa zai yi, “Gobe ka same ni a gida,” in yi ta zarya har takalmina ya tsinke. Wannan ya ce mini a'a ido cikin ido. Ban ce ya yi daidai ba. Na dai daɗe ban ga irinsa ba.

Za a kashe waya ke nan sai abokina ya ce a dakata. Ya ɗaga hannayensa biyu ya kara su a jikin wayar har suka rufe fuskarsa. Ya ce, “Malam, gaya masa igiya wasa ce. Wannan kuwa ba wasa ba ne.” Tafinta ya faɗa. Tsohon ya matso da fuskarsa ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce abin ba daɗi, ya yi ɗan rubutu a takarda.

Bayan nan muka fito gindin darbejiya aka ɗauki sabon hoto da waya. Abokina ya ɗaure ni da igiya, ya ɗora mini takalmansa a kan hular nan tawa, ya zaga da ni bakin gate, ma'aikata na ihu, mai ƙosai na guɗa. Ya ja igiyar da ƙarfin da ya wuce na wasa, na kuwa bi shi, don na san na ci bashin fiye da haka.

Ba a jima ba sharhin ya fito, tafinta ya zo ya karanta mana a teburin mai shayi. Kai, tsohon nan ya iya zagi cikin ladabi! Ya ce an tura mutane da kuɗin talakawa sun je sun ga abokai biyu na wasa, sun dawo sun sa kiɗan makoki. Ya ce 'yan majalisar da suka yi hawaye ba wanda ya tambayi ko mutanen nan suna da baki. Ya ce wannan shi ne halin 'yan jaridarsu, ba sa ganin mutum a Afirka sai abin tausayi, kuma tausayin nasu ya raba magidanta da abincinsu. Muna ji muna tafi. Ina ta jira in ji inda zai zo kan hannu. Tafinta ya kai ƙarshe ya ajiye waya. Na ce ko ka tsallake wani wuri? Ya ce bai tsallake komai ba. A wurin tsohon, fim ɗin ƙarya ne daga farko har ƙarshe.

Abin ya yi aiki kuwa. Wasu jaridun can suka ɗauka, shuɗayen majalisa suka samu abin faɗa, jajayen da suka yi kuka suka yi tsit. Tashar ta ba da haƙuri a taƙaice ta janye fim ɗin gaba ɗaya. Masu sayen fata suka dawo da oda. Masu binciken da aka ce za su zo su duba safar hannu da takalmin roba da ruwan da muke sakarwa kogi, tunda an ce duk ƙarya ne, ba su zo ba. Aka kira 'yan Nijar su dawo bakin aiki kafin damina ta ƙare. Safar kuwa tana sito tana jiran baƙi na gaba.

Har yau in na haɗu da tafinta sai na tambaye shi labarin tsohon. Ya ce yana nan, yana kallon tasharsa, wannan makon haraji, wancan makon baƙi, wani makon sabuwar doka. Nakan ce ya karanta mini, wani abin in gyaɗa kai, wani in ce Allah ya shirye shi. Baturiyar ma nakan tuna ta. Ita ce fa ta bar sanyin ofis ta zo gindin bishiya, ita ce ta ga abin da ni abokinsa na daina gani.

Abin da na koya, ni jahilin nan, shi ne kowa da abin da ya fito nema. Ita ta zo neman abin kuka ta samu, ta bar dariyarmu a ƙasa. Shi ya zo neman ƙaryar abokan hamayyarsa ya samu, ya bar hannun a ƙasa. Kowannensu ya faɗi gaskiya, amma wadda za ta shiga aljihunsa. Shi ya sa yanzu in na ji sojan baka a rediyo yana cewa ƙarya suke yi, sai in ce wane ɓangaren? In kuma aka nuna mini hoton da ya sa ni hawaye, sai in ce da aka sauke kyamara me ya faru? Na kuma koyi cewa wasan gida a gida ake yinsa, kuma ba kowace kyamara ce ake sa wa sabuwar hula ba.

Ranar da abokina ya dawo aiki, ina tsaye a teburina na ji an daka mini tsawa daga baya, “Kai bawa! Wa ya ce ka tsaya ban zauna ba?” Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, na ce ƙurar fata ce. Muka yi ta yi har aka tashi. Da yamma muka haɗu a famfo. Ina wanke nawa hannun sumul, shi yana tara nasa a hankali a ƙarƙashin ruwa, sabuwar tsaga ta buɗe a babban yatsa tun ranar farko. Ya daɗe yana kallonta. Ni da tunda muke ban taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba, ranar ya faɗi wadda na kasa ɗauka. Yanzu duk mun bar aikin, muna haɗuwa a wurin suna da jana'iza, ina ce masa bawa yana ce mini bawa, amma waccan tana nan ban amsa ba.

Ya ce, “Bakano, ƙaryar da muka yi da igiya ta tayar da ƙasa guda ta kuma kwantar da ita. Hannun nan kuwa gaskiya na nuna, ja ya gani, shuɗi ya gani. To gaya mini, kai mai baki, wa aka ci a wasan nan?”